An keɓe Baba daga lissafin masu ciwon suga a asibitin GP: me wannan ke nufi?

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah likitocinmu da ke wannan zaure ku taimaka min da bayani, tun jiya hankalina bai kwanta ba. Mahaifinmu shekararsa 71, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma ya daɗe da rajista a asibitin GP na unguwarsu, wato asibitin likitan iyali a nan Ingila. Ya tafi Kano a watan Oktoba, sai makon jiya ya dawo. Da na buɗe masa manhajar NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, a wayarsa don in nema masa magani, sai na ga an rubuta cikin bayanansa, da kwanan watan Maris, wai an keɓe shi daga ma'aunan kula da ciwon suga saboda an gayyace shi bai amsa ba. Na je gidansa na zazzage tarin wasiƙun da ke bayan ƙofa, sai ga guda biyu daga asibitin, ko buɗe su ba a yi ba, ɗaya ma tana manne da takardar kuɗin gas. Baba ba ya karanta Turanci. Shin korarsa suka yi? Kuma wa ya ba su damar cire mutum ba su ji ta bakinsa ba?

Dakta GP, Bradford:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba korarsa aka yi ba. Sunansa yana nan a rajista, likitansa yana nan, maganinsa yana nan. Abin da aka cire shi daga ciki lissafin kuɗi ne tsakanin asibitin da NHS.

Tun Afrilun 2004 aka shigo da wani tsari mai suna QOF cikin kwantiragin likitocin GP. Gwamnati ta jera ma'aunai, ta ce ga abin da take so a yi wa masu ciwon suga, masu hawan jini, masu asma, waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da sauransu. Kowane ma'auni yana da maki, kowane maki yana da kuɗi. Da aka fara maki 1,050 ne gaba ɗaya. Yanzu an rage su sosai, amma maki ɗaya ya haura fam 200 ga asibiti mai matsakaicin yawan jama'a. Shekarar lissafin tana rufewa ranar 31 ga Maris, shi ya sa kika ga watan Maris a bayanan Baba.

Ga yadda ake bugawa. A ce ina da masu hawan jini 100, jinin mutum 70 ya sauka inda ake so. Kashi 70 ke nan. A ce kuma sai na kai kashi 77 zan samu cikakken maki. Idan cikin 30 ɗin da suka rage akwai 10 da ƙa'ida ta yarda in keɓe, to da 90 za a raba, ba da 100 ba. 70 cikin 90 ya kusa kashi 78. Na haye ke nan, alhali ko mutum ɗaya jininsa bai ƙara sauka ba.

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
To Dakta, ai wannan tamkar malami ne ya hana yaran da ba su da ƙoƙari shiga ɗakin jarrabawa, sannan ya fito ya ce ajinsa kowa ya ci.

Dakta GP, Bradford:
Misalinki ya kama hanya, amma bari in nuna miki inda ya bambanta. Cikin mutum goman nan akwai tsohon da kansa ta cinye shi, likitoci sun ce saura masa watanni. Ma'auni ya ce in sauke masa kitsen jini. In zauna a gefen gadonsa in ƙara masa ƙwaya saboda maki? Akwai wadda na kai ta ƙarshen abin da jikinta zai iya ɗauka, magani huɗu take sha na hawan jini, in na ƙara na biyar jiri zai kayar da ita a banɗaki ta karya ƙugu. Akwai wanda maganin ke tayar masa da borin jini. Akwai wanda ya yi rajista da mu makonni uku kafin a rufe shekara. Akwai wanda na yi wa bayani tiryan-tiryan ya ce ya ji ya gode amma ba ya so. Duk waɗannan aka buɗe wa ƙofar, don kada kuɗi ya tura likita ya yi wa mutum abin da zai cutar da shi, ko ya fara ƙin yi wa masu ciwo mai wuya rajista don kada su ɓata masa lissafi.

Sai rukuni na ƙarshe, wanda Baba ya faɗa ciki: an kira mutum bai zo ba. Da sau 3 ake gayyata. Daga Afrilun 2019 aka sake wa tsarin suna a Ingila, aka rage dalilai suka koma 5, gayyata kuma ta koma sau 2 a mafi yawan ma'aunai. A kan wannan rukunin ne ni ma nake da damuwa, ba zan ɓoye miki ba.

Kawu Dattijo, Manchesta:
Ni ina cikin waɗanda suka ce ba sa so, kuma ba na jin kunyar faɗa. An ɗora ni a kan sitatin, maganin kitsen jini. Wata biyu cinyoyina suna ciwo, tashi daga sujada sai na dafa bango. Na koma na ce wa likita na daina. Yarinya ce mai ladabi, ta zana min a takarda haɗarin da ke gabana, na ce na fahimta. Ta rubuta cewa ni na zaɓa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara matsa min a wannan shekarar. Da ba don wannan ƙofar ba, da kullum na je ko don ciwon gwiwa sai an tare ni da zancen sitatin, domin ni ne ke tsakaninsu da kuɗinsu. Saboda haka 'yata, kada ki yi wa tsarin kuɗin goro. Jikina nawa ne, Allah zai tambaye ni a kansa, ba gwamnati ba.

Dakta GP, Bradford:
Kawu, haƙƙinka ne, kuma an yi daidai da aka rubuta haka. Roƙona ɗaya, ka koma a sake zama. Sitatin ba iri ɗaya ba ne, ana iya canza wani ko a rage ƙarfinsa, akwai ma maganin da ba danginsa ba ne kamar ezetimibe. Irin wannan keɓewar ta shekara ɗaya ce, tana faɗuwa da kanta, dole a sake tambayarka. An yi hakan ne don mutum na iya sake shawara.

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Kawu, na yarda da kai ɗari bisa ɗari, amma kai an zaunar da kai an tambaye ka. Baba ba wanda ya tambaye shi. Takarda aka jefo ta ramin ƙofa, da yaren da ba ya ji, a gidan da ba kowa, aka ƙirga ta a matsayin an yi magana da shi. Inda abin ya tsaya min a rai ke nan.

Manajan Asibiti, Landan:
Bari in shigo, tunda irin kujerar da ake danna wannan maɓalli nake zaune a kai. Ba asibitin Baba nake ba, kuma ba zan kare kowa ba, zan faɗi abin da na gani ne kawai.

Daga Janairu zuwa Maris akwai jadawalin da nake buɗewa kowace safiya kafin in sha shayi. Kowane ma'auni da layinsa: ga inda muke, ga inda ake so mu kai, ga adadin mutanen da suka rage. Wani layin sai ka ga mutum 6 ne tsakaninmu da cikakken maki. Kuɗin nan kuma ba aljihun likita kaɗai yake shiga ba, da shi ake biyan albashin nas da masu karɓar waya. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka ɗauki waya ka bi mutum shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ka nemo tafinta, ka matsa wa nas ta buɗe musu gurbi ranar Asabar. Ko kuma ka duba ka ga an riga an tura musu saƙo sau biyu, ka sa alamar ba su amsa ba, layi ya koma kore cikin minti biyar. Duka biyun ƙa'ida ta halatta. Tsakani da Allah, a wani asibiti da na yi aiki a baya, akwai shekarar da nas ɗinmu ta tafi hutun haihuwa ba a samu madadinta ba, muka bi hanya ta biyu a kan mutane da yawa. Ban karya doka ba, amma har yau ina tuna wasu sunayen, domin galibinsu irin sunayenmu ne da na 'yan Somaliya da 'yan Bangaladash.

Sai dai Hajiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Shin an sanar da asibitin cewa Baba zai yi tafiya? Wanda zai bar ƙasar fiye da wata uku, ƙa'ida ta ba da damar a cire shi daga rajistar gaba ɗaya, kuma wannan ita ce korar ta gaskiya. Ku gode Allah ba ta aka yi masa ba. Sannan maganin tafiya ba a saba ba da na fiye da wata uku ba. Me ya riƙa sha a sauran watannin?

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Gaskiya ba mu sanar ba, wannan laifinmu ne, na karɓa. Da maganin ya ƙare ƙanena ya riƙa saya masa a kemis a Kano. Na ga kwalayen, metfomin ɗin, wato na suga, dai shi ne, amma na hawan jinin sunansa daban da wanda ake ba shi a nan. Akwai kuma wani garin magani cikin leda da wani abokinsa ya ba shi.

Sista, Birmingham:
Ƙanwata, wannan da kika faɗa yanzu ya fi alamar da ke cikin kwamfuta muhimmanci. Zan dawo kansa. Bari in fara ba ku labarin abin da ya sa nake goyon bayan keɓewa, duk da cewa ni nake gudanar da asibitin masu suga a wurinmu kuma ni ake tambaya in lissafi ya faɗi.

Kafin 2019 ma'aunin suga bai damu da ko kana da ƙarfi ko ka tsufa tukuf ba. Akwai wata tsohuwa da ake kawo min a keken guragu, ta haura 85, ta fara rikicewa. Awon HbA1c ɗinta, wato matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, ya fito kyakkyawa kamar na budurwa. A takarda ita ce gwarzuwarmu. Sai jikarta ta ce min da asuba sukan same ta jiƙe da gumi tana sambatu, sai an ɗura mata shayi mai suga take dawowa. Suga ne ke faɗuwa mata cikin dare saboda gliclazide, maganin sugan da take sha, ga shi ba ta cin abinci sosai. Muka rage maganin, awonta ya hau, ta fita daga layin masu ba mu maki, ta daina gumin asuba. Na sa mata alamar keɓewa da hannuna kuma na yi barci lafiya.

Shi ya sa na ji daɗin gyaran 2019. An raba ma'aunin biyu: wanda ba shi da rauni na tsufa ana so awon HbA1c ɗinsa ya kasance 58 ko ƙasa, mai rauni matsakaici ko mai tsanani kuma 75 ko ƙasa. Hawan jini ma haka, 140/90 ga ɗan 79 zuwa ƙasa, 150/90 ga wanda ya kai 80. Da ma'aunin ya zo daidai da jikin mutane, sai buƙatar keɓewa ta ragu a wannan ɓangaren.

Ɗalibin Lafiyar Al'umma, York:
Ina neman izinin manya in kawo abin da bincike ya nuna, tunda a kan wannan fannin nake karatu.

A shekarar farko gwamnati ta yi kasafi da tsammanin asibitoci za su samu kusan kashi 75 na maki, sai suka samu sama da kashi 90. Nan take aka fara zargin ko keɓewa ce ta kai su. Tim Doran da abokan aikinsa a Jami'ar Manchesta suka bi alƙaluman, suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2006. Sun samu cewa asibiti na tsaka-tsaki ya keɓe kusan kashi 6 na majinyata, amma akwai asibitoci 91, kimanin kashi 1 cikin ɗari, da suka keɓe sama da kashi 15. A 2008 suka sake dubawa da alƙaluman shekara ta biyu, suka samu kashi 5.3. Ma'ana mafi yawan likitoci ba su mayar da ƙofar hanyar cuta ba, 'yan tsiraru ne.

Amma akwai abubuwa biyu da ke hana ni sakin jiki. Na farko, masana tattalin arziki, Hugh Gravelle da Matt Sutton da Ada Ma, sun duba alƙaluman Sikotlan, suka ga asibitocin da suka gaza kaiwa iyakar sama, wato kason da ke ba da cikakken maki, a shekara ɗaya sun fi ƙara yawan keɓewa a shekarar da ta biyo. Wannan ya yi daidai da jadawalin da Manaja ya siffanta. Na biyu shi ne su wane ne ake keɓewa. Binciken Evangelos Kontopantelis da abokansa na 2016 ya nuna an fi keɓe tsofaffi, da masu cututtuka da yawa a haɗe, da mazauna unguwannin talakawa, kuma waɗanda aka keɓe sun fi mutuwa a shekarar da ta biyo baya.

Dakta GP, Bradford:
Malam, a nan sai mu yi hattara. Mutumin da na keɓe saboda yana gargarar mutuwa, tabbas zai fito a lissafinka cikin waɗanda suka mutu. Ba keɓewar ta kashe shi ba, mutuwar da ke tafe ce ta sa aka keɓe shi. In ba a bambance wannan ba, mai karatu zai ɗauka muna sa wa mutane alama ne suna mutuwa.

Ɗalibin Lafiyar Al'umma, York:
Haka ne Dakta, su ma masu binciken ba su ce ita ta kashe su ba. Amma ƙarin mace-macen bai tsaya kan waɗanda magani bai dace da su ba, ya bayyana har cikin waɗanda aka rubuta cewa sun ƙi. To a tsohon tsarin, rukunin "ya ƙi" ya haɗa irin su Kawu da suka zauna da likita suka yanke shawara, da irin su Baba da wasiƙa ta faɗa bayan ƙofa. Mutumin da ba ya amsa wasiƙa sau da yawa shi ne mai baƙin ciki da ya kasa tashi daga gado, ko mai aikin dare a sito, ko wanda ya canza gida sau uku a shekara, ko wanda bai iya karatu ba. A ganina rashin amsawar alama ce ta a ƙara nemansa. Tsarin kuwa ya mayar da ita dalilin daina nema.

Dakta GP, Bradford:
Wannan ba ni da ja a kai. Amma ka faɗa min wa zai yi neman. Minti goma nake da shi ga kowane majinyaci, wayoyinmu tun ƙarfe takwas suke cika. In aka ce ba za a keɓe wanda bai amsa ba sam, asibitin da ke unguwar masu hali, inda kowa ke zuwa da littafinsa na awon jini a hannu, zai kwashe kuɗi. Ni da ke cikin unguwar da ake magana da yare ashirin in rasa, alhali ni na fi buƙatar ƙarin nas.

Manajan Asibiti, Landan:
Ai an gwada wannan, muna cikinsa ma. A 2021 aka shigar da rigakafin yara cikin QOF, aka sa iyaka mai tsawo, kuma ƙin iyaye ba ya cikin dalilan keɓewa. Uwa ta ce ba za a yi wa ɗanta allurar ƙyanda ba, ka kira ta sau goma, ka zaunar da ita da likita, ta tafi a kan bakanta, yaron yana nan cikin lissafinka. A ƙaramin asibiti iyalai huɗu ko biyar sun isa su jefa ka ƙasa da iyakar farko, wadda daga ita ake fara ba da maki, ka tashi ba ko maki ɗaya duk da wahalar da ka sha a kan sauran. Na fahimci dalilin gwamnati, ƙyanda ba ta san uzuri ba, kuma yaron da ba a yi wa ba yana jefa na maƙwabta cikin haɗari. Amma kuɗin yana barin unguwannin da aikin ya fi wuya ne.

Dakta, Glasgow:
Mu a nan Sikotlan tun Afrilun 2016 aka soke QOF ɗungurungum. Babu maki, babu keɓewa, babu tashin hankalin Maris. Asibitoci suna haɗuwa rukuni-rukuni suna duba ingancin aikinsu. Na yi aiki a ƙarƙashin tsarin biyu. Na samu sauƙin kallon fuskar majinyaci maimakon akwatin da ke tsalle a gefen kwamfuta yana tuna min abin da ban cike ba. Sai dai wani bincike da mujallar BMJ ta wallafa a 2023 ya nuna rubuta abubuwa da dama ya ragu a nan idan aka kwatanta da Ingila, har da duba ƙafafun masu suga. Wasu abokan aikina suna cewa ana yi, rubutawa ce aka daina. Ni dai na san lokacin da ake biya, akwai mai zama ta ƙirga wa aka duba wa ba a duba ba. Baba aƙalla an lura bai zo ba har aka rubuta. A wurin da ba a ƙirgawa, zai iya shekara biyu ba wanda ya ankara.

Likita daga Yola:
Ina biye da ku daga gida. Mu ma mun ɗanɗana biyan kuɗi bisa ƙoƙari a shirin NSHIP da Bankin Duniya ya tallafa wa a Adamawa da Nasarawa da Ondo. Bambancin shi ne namu an fi biya ne a kan yawan aikin da aka yi, haihuwa nawa aka karɓa, yara nawa aka yi wa rigakafi, sai masu tantancewa su zo su bi rajista. Ba mu da jerin sunayen duk masu hawan jinin gari balle mu cire wani daga ciki. Wanda bai zo ba, babu shi a ko'ina. Abin da ya burge ni a zancenku shi ne kuna da sunan wanda bai zo ba, da lambar wayarsa, da adireshinsa. Da ni ke da wannan, wallahi da babur zan tura.

Ɗalibin Lafiyar Al'umma, York:
Ƙarin bayani ga masu son duba asibitinsu: alƙaluman QOF na Ingila a buɗe suke a intanet, ana fitar da su kowace shekara, asibiti-asibiti. Kada ku tsaya kan yawan maki. Kowane ma'auni yana da kaso biyu, wanda aka buga bayan an cire waɗanda aka keɓe, da wanda aka buga da kowa a ciki. A misalin Dakta, na farko 78 ne, na biyu 70. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin dubawa. Hukumar CQC mai sa ido kan asibitoci ita ma takan tambayi dalili in ta ga keɓewar wani asibiti ta zarce ta maƙwabtansa.

Kawu Dattijo, Manchesta:
Na karanta duka a hankali. 'Yata, na janye rabin maganata. Ni da mahaifinki ba abu ɗaya aka yi mana ba, ko da alamar da aka sa mana ta yi kama. Dakta, na ji batun wancan maganin, zan nemi ganin likitar bayan sallah in sha Allahu.

Dakta GP, Bradford:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Hajiya, abu ɗaya da zai faranta miki: alamar nan ba ta hana a duba Baba ko da gobe ne, kuma da yake mun shiga sabuwar shekarar lissafi daga 1 ga Afrilu, ya koma cikin lissafi kamar kowa. Ko a cikin shekara ɗaya ne, in aka keɓe mutum sai daga baya ya zo aka yi masa abin da ake nema, ana ƙirga shi cikin waɗanda aka yi wa. Asibitin yana da riba in ya zo. Ki kira su, ki ce kina son bitar ciwon suga ta shekara. Da izinin Baba, a sa lambarki a matsayin wadda za a kira, a rubuta cewa waya yake so ba wasiƙa ba, kuma yana buƙatar tafintan Hausa. Tafinta kyauta ne, haƙƙinsa ne. In zai sake doguwar tafiya, a yi bitar kafin ya tashi.

Maman 'Yan Biyu, Lesta:
Alhamdu lillahi, na kira ɗazu, na yi minti 25 a layi amma an ɗauka. Baba ya karɓi wayar ya ce ya amince a riƙa kirana, matar ta ce ta rubuta. Da na tambaye ta me ya sa ba a buga waya ba tun farko, ta duba ta ce lambar da ke fayil ɗinsa tsohuwa ce, wadda ya yar shekara uku da suka wuce. An ba mu ranar Talata ƙarfe 9:40 a ɗebi jini, sai mako mai zuwa ya ga nas da tafinta. Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, zai je da azumi ne ko ya karya?

Sista, Birmingham:
Awon HbA1c ba ya buƙatar azumi, ya karya kumallo ya sha maganinsa, sai dai in sun ce akwai wani awon da suka haɗa mai buƙatar haka, ki tambaye su gobe. Ki karɓo kwalbar fitsari a wurin masu karɓar baƙi, ya yi na farkon safiya ku tafi da shi, da shi ake gane ko suga ya fara taɓa ƙoda. Ranar ganin nas ya sa takalmi mai sauƙin cirewa don za a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, ki kuma tambaya ko ya rasa awon ido na bana, wannan wasiƙarsa daban take zuwa. Sannan ki zuba duk magungunan cikin jaka ɗaya ku je da su, na nan da na kemis ɗin Kano, kowanne cikin kwalinsa, har da garin nan na cikin leda. Kafin ranar, kada ya haɗa maganin hawan jinin Kano da na nan ya sha tare, ki kai wa mai kemis na unguwarku kwalayen biyu yau ya duba miki ko abu ɗaya ne.